Hoto Ɗaya, Kwafi Goma: Aikin da Ake Yi wa Hotuna Kafin Su Iso Waya

Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa na Najeriya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, ƙorafi ɗaya ake ji a teburin mai shayi, a tashar mota da shagon cajin waya: data ba ta auki. Mutum ya sa da safe, kafin la'asar saƙo ya shigo wai saura kaɗan. Kamfanonin ake ɗora wa laifi, kuma gaskiya bidiyo ne ke lashe kaso mafi tsoka. Amma a shafukan labarai, na kasuwanci da na hukumomi, hoto ne babban mai ci. Ƙididdigar da HTTP Archive ke yi wa miliyoyin shafukan intanet ta nuna matsakaicin shafi ya haura megabait 2, kuma hotuna ne suka fi komai nauyi a cikinsa.

Abin haushin shi ne, yawancin nauyin nan ba dole ba ne.

A ɗauki ɗalibi a Zariya da ya buɗe Wikipedia ta Hausa a wayarsa. A gefen rubutun ga ɗan hoto, bai kai faɗin tafin hannu ba. Wanda ya ɗauki hoton ya ɗora shi a rumbun Wikimedia Commons da cikakken girmansa, a ce faɗin ɗigo 4,000 da tsawon 3,000, nauyin megabait 3 ko 4. Abin da ya sauko wayar ɗalibin kuwa da wuya ya wuce kilobait 30. In ya buɗe hoton shi kaɗai ya duba adireshinsa, zai ga lamba irin 250 ko 330 da haruffan px a manne da sunan fayil ɗin. Lambar nan umarni ce ga babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wato saba: a rage hoton zuwa wannan faɗi kafin a turo shi. Da babu wannan aiki, hotuna 10 kawai sun isa su kwashe wa yaron megabait 40.

Abin da ke faruwa a bayan fage

Fayil ɗin hoto a dunƙule yake. Kafin saba ta taɓa shi sai ta warware shi zuwa ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da ma'aunin ja, kore da shuɗi. Hoton ɗigo miliyan 12, wanda bai wuce megabait 4 a waya ba, yakan kumbura ya kai megabait 36 a ƙwaƙwalwar na'ura. Daga nan sai a miƙar da shi in a kwance aka ɗauka, a yanke gefe in ana so, a rage faɗi, a cire bayanan da kyamara ta cusa a ciki, sannan a sake dunƙule shi. Duk wannan cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, in sabar ba ta cika da aiki ba.

Wajen sake dunƙulewar ne ake samun zaɓi. JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, har yau shi ne uban gida. PNG ya zo a 1996, ya fi dacewa da tambari da zane. Google ya fito da WebP a 2010, yana cewa ya fi JPEG sauƙi da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari ba tare da ido ya ga bambanci ba, amma sai da aka shekara 10 kafin burauzar Safari ta Apple ta karɓe shi. AVIF, wanda gamayyar Alliance for Open Media ta fitar a 2019, ya ƙara matse nauyin, sai dai haɗa shi na cin lokacin na'ura sosai.

Mai karatu ba ya zaɓen ko ɗaya cikinsu. Duk lokacin da burauza ta nemi hoto, tana haɗawa da ɗan bayani na nau'o'in da take iya buɗewa. Sabar da aka tsara da kyau takan duba bayanin, ta ba sabuwar waya AVIF, ta ba tsohuwa JPEG, alhali adireshin ɗaya ne. Tun wajen 2014 kuma ƙa'idar rubuta shafuka ta ba da damar a jera wa burauza girma daban-daban na hoto guda, ita ta ɗauki wanda ya yi daidai da fuskar wayar.

Masu Nokia sun riga sun san abin

Duk wanda ya yi zamanin shiga intanet da ƙaramar Nokia ya ci moriyar wannan dabara ko bai san sunanta ba. Opera Mini, wadda ta fito duniya a 2006 kuma ta samu karɓuwa ƙwarai a Najeriya, ba ta ɗauko shafi kai tsaye. Sabobin kamfanin ne ke ɗauko shi, su matse rubutu da hotuna, sannan su turo wa wayar. Kamfanin kan ce ragin na iya kai kashi 90 cikin ɗari. Har akwai wurin zaɓen ingancin hoto, ƙasa, tsakiya ko sama, ko a kashe hotunan baki ɗaya in kati ya kusa ƙarewa. Bambancin yau shi ne aikin ya dawo wuyan mai shafi.

Kayan aikin sun girmi shafukan intanet ɗin ma. John Cristy ya fara rubuta ImageMagick a 1987 lokacin yana aiki a kamfanin DuPont na Amurka, kuma har yanzu manhajar na zaune a sabobi marasa adadi. Abokiyar gasarta, libvips, ta samo asali ne a Landan a ƙarshen shekarun 1980, daga wani aikin ɗaukar manyan zane-zanen gidan tarihi na National Gallery. Hotunan sun fi ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfutocin lokacin, dole aka koya wa manhajar ta riƙa sarrafa hoto yanki-yanki maimakon ta haɗiye shi gaba ɗaya. Wannan takurar ce ta zame mata alheri: yau a kanta aka gina sharp da imgproxy, waɗanda masu rubuta manhaja ke so saboda sauri da rashin cin ƙwaƙwalwa. Kafar yaɗa labarai ta Globo a Brazil ita ta samar da Thumbor ta sake shi kyauta, kuma shi Wikimedia ta koma amfani da shi a 2017.

A yanka tun da wuri, ko a jira mai nema?

Nan injiniyoyi suka rabu biyu. Wasu na ganin da zarar an ɗora hoto a yanka duk girman da za a buƙata a ajiye. Haka Facebook ya yi a farko. A wata takarda da injiniyoyinsa suka gabatar a 2010 kan rumbunsu mai suna Haystack, sun ce mutane sun ɗora hotuna biliyan 65, kowanne an yi masa girma 4, jimla biliyan 260. A lokacin cunkoso suna tura sama da hoto miliyan 1 a daƙiƙa.

Hanyar na da sauri, amma tana cin wurin ajiya, kuma ranar da mai zanen shafi ya tashi da sabon fasali mai buƙatar wani girman, sai a koma kan tsofaffin hotuna kaf a sake yanka. Ga kuma gaskiyar da kowane mai rumbu ya sani: mafi yawan hotuna ana kallonsu ne a kwanakin farko, daga nan ba mai sake waiwayarsu.

Ɗaya ɓangaren suka ce a ajiye na asali kawai, sai an nema a yanka. Flickr ya nuna ribar hakan a fili. A farkon 2017 injiniyoyinsa suka ba da labarin yadda suka shafe shekara guda ba su sayi ƙarin wurin ajiya ba duk da hotuna na ta kwararowa, kuma cikin dabarun da suka yi har da daina ajiye ƙananan kwafi barkatai, ana haɗa su a lokacin da aka nema. Matsalar wannan hanya ɗaya ce, kuma babba: in za a sake yanka hoto duk sanda wani ya buɗe shafi, saba ba za ta kai azahar ba. Dole sai an haɗa da ma'ajiyar wucin gadi.

Inda ribar take

Ƙa'idar mai sauƙi ce: a yi wahalar sau ɗaya, a ajiye sakamakon kusa da mai nema. Tsarin ya yi kama da na sukari. Yana fitowa daga masana'anta, ya sauka a sito a kasuwar Singa, mai kanti a unguwa ya saro, uwargida ta ajiye gwangwani a kicin. Mai son shan shayi kicin zai fara dubawa, ba wanda ke nufar masana'anta don cokali biyu.

Mataki na farko yana cikin wayar kanta. In saba ta turo hoto tare da umarnin cewa ana iya riƙe shi har shekara guda, burauza ba za ta sake sauke shi ba, ko kobo na data bai fita. Mataki na biyu sabobi ne da aka baza a biranen duniya, sana'ar da kamfanin Akamai ya fara a 1998, daga baya irin su Cloudflare da Fastly suka shigo. Na uku wata ma'ajiya ce a gaban rumbun kamfanin. Sai an rasa a dukkansu ake tada injin yanka.

Wani bincike da masana daga jami'o'in Cornell da Princeton suka yi tare da Facebook a 2013 ya auna yadda aikin ke rabuwa. Kusan kashi 65 cikin ɗari na buƙatun hoto a burauzar mai kallo suke ƙarewa. Wajen kashi 20 sabobin da ke kusa ke biya, ƙasa da kashi 5 ma'ajiyar tsakiya, kashi 10 kacal ke isa ainihin rumbu. Wato cikin kowane hoto 10 da aka kalla, 9 ba su dami babban rumbun ba.

Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, nisa ba ƙaramin abu ba ne. Wikimedia na da manyan cibiyoyinta a Amurka, da na ajiyar wucin gadi a Amsterdam, Singafo, Sao Paulo da Marseille ta Faransa, wadda aka buɗe a 2022 a bakin tekun da wayoyin intanet da dama na Afirka ke sauka. Cloudflare na da cibiya a Legas. Cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, aikinta ke nan: abin da ke cikin gida ya zaga a cikin gida ba sai ya je Turai ya dawo ba. An ga muhimmancin haka ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka shiga halin ni-'yasu. A rana irin wannan, abin da ke da kwafi a cikin ƙasa shi ke da damar buɗewa.

Tsohon hoto ya ƙi tafiya

Masu rubuta manhaja na da wani barkwanci da ake danganta wa Phil Karlton, tsohon injiniyan Netscape, cewa abubuwa biyu ne kawai masu wuya a ilimin kwamfuta, kuma ɗayansu shi ne sanin lokacin da za a zubar da abin da aka ajiye. Duk editan jarida da ya taɓa sa hoton wani a kan labarin wani ya san zafin maganar. An gyara a ofis, amma kwafin kuskuren na nan a sabobi a birane da yawa da wayoyi dubbai, kuma an riga an gaya musu su riƙe shi shekara guda.

Maganin da ya fi aiki ba goge-goge ba ne. Ana sa wa kowane hoto wata lamba a adireshinsa wadda aka lissafo daga abin da ke cikin fayil ɗin. Hoto ya canza, lamba ta canza, adireshi ya zama sabo, tsohon ya mutu da kansa don ba mai nemansa. Sai dai in hoton na wanda ya nemi a cire ne, ko kotu ta ba da umarni, dole a bi sabobin a share da gaske.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa. In saba ta manta ta shaida wa ma'ajiya cewa amsar ta danganta da irin burauzar da ta nema, sai a ajiye AVIF ɗin da aka yi wa sabuwar waya a miƙa wa tsohuwa. Mai tsohuwar waya ya ga fili fari, ya ce netwok ne. Shi kuwa injiniyan, da yake wayarsa sabuwa ce, komai lafiya yake gani.

Sai kuma ranar babban labari. Mutum dubu 50 sun buɗe shafi a minti ɗaya, hoton bai riga ya shiga ma'ajiya ba, duk buƙatun suka afka wa injin yanka lokaci guda. Manhajoji irin su Varnish, wadda Poul-Henning Kamp ya rubuta a 2006 saboda jaridar VG ta Norway, suna tare ƙofa: buƙata ɗaya ce ke wucewa, sauran su ɗan jira a raba musu amsar.

Baƙin da ba sa gajiya

Duk lissafin nan ya dogara da ɗabi'ar ɗan Adam, wato jama'a su taru kan abu ɗaya. Lokacin da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya rasu a Disambar 2024, an buɗe shafinsa na Wikipedia ta Ingilishi sama da sau miliyan 2.8 a rana guda, kuma irin wannan turmutsitsin ma'ajiya ta san yadda take yi da shi. Manhajoji masu rarrafe da ke kwasar bayanai don horar da ƙirƙirarriyar basira ba haka suke ba. Su bi suke ɗaya bayan ɗaya, har hotunan da ba wanda ya kalla shekara da shekaru, kuma kowane irin wannan sai an je babban rumbu. A watan Afrilun 2025 Gidauniyar Wikimedia ta ce nauyin sauke hotuna da bidiyo daga wurinta ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari tun Janairun 2024, kuma aƙalla kashi 65 na buƙatun da suka fi ci mata kuɗi daga irin waɗannan manhajoji suke.

Ƙaramin mai shafi ma bai tsira ba. In adireshi na karɓar kowace lamba, mai mugunta na iya neman faɗin 500, 501, 502, har illa masha Allahu, kowanne sabon aiki ga saba. In kuma kamfani ake biya bisa yawan yankan da aka yi, takardar kuɗi ce za ta zo, da dala. Shi ya sa masu hankali ke taƙaita girman da aka yarda da shi zuwa 'yan matakai, ko su sa wa adireshin hatimin sirri wanda sabar kaɗai ke iya tantancewa.

Ƙofar da ɓarawo ke so

Shafin da ke karɓar hoto daga kowa yana buɗe fayil ɗin baƙo ne a cikin gidansa. A watan Mayun 2016 aka bankaɗo wani rami a ImageMagick, aka yi masa laƙabi da ImageTragick: fayil mai kama da hoto na iya sa saba ta aiwatar da umarnin maharin. A Satumbar 2023, bayan binciken da cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta yi kan yadda aka cusa manhajar leƙen asiri ta Pegasus a wata iPhone, aka gano kuskure a manhajar buɗe WebP, sai da manyan burauzoji duka suka fitar da gyaran gaggawa. Akwai kuma ɗan ƙaramin fayil da ke iƙirarin faɗinsa ɗigo dubu 60 ne, saba ta yarda, ta nemi ƙwaƙwalwar da ba ta da ita, ta faɗi. Darasin da aka ɗauka shi ne a ware injin yanka a ɗakinsa shi kaɗai, a hana shi taɓa sauran bayanai.

Ta wani gefen kuma aikin kariya ne. Wayoyi kan rubuta wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin. A Disambar 2012 mujallar Vice ta wallafa hoton John McAfee, attajirin manhajar kashe ƙwayar cutar kwamfuta, lokacin yana gudun 'yan sandan Belize. Ba a cire bayanan ba, cikin sa'o'i duniya ta san yana Guatemala. Ga ɗan jaridar da ke aiki a yankin da ake fama da 'yan bindiga, ko matar da ke tallan kaya daga ɗakinta, sabar da ke goge waɗannan bayanai kafin ta nuna hoto ta yi masu babban rai.

Wa na'ura ke gani?

Ba kowa ke murna da aikin ba. Masu ɗaukar hoto na kukan an kashe masu kaifi. Mai sayar da atamfa ko shadda ta intanet ya fi kowa sanin illar, don matsi mai yawa kan cakuɗa ƙananan zane, kuma in aka yi sakaci wajen cire bayanan launi, jan da ke shago ba shi ne jan da ke waya ba. Kaya su isa, mai saye ta ce ba wannan ta zaɓa ba. Irin wannan shafi bai kamata ya bi ma'aunin shafin labarai ba: ƙaramin hoto a jeri, cikakke ga wanda ya danna.

Yankan atomatik ma ya taɓa jawo abin kunya. A 2020 masu amfani da Twitter suka lura cewa in hoto na ɗauke da fuskar baƙar fata da ta farar fata, na'urar ta fi yawan barin farar. Kamfanin ya yi bincike, a watan Mayun 2021 ya amsa cewa akwai fifiko na wajen kashi 4 cikin ɗari ga fararen fata, ya kuma bar yanke wa mutane hotunansu a manhajar waya.

A saya ko a gina?

Kamfanoni irin su Cloudinary da imgix sun mayar da duk aikin nan haja: a ba su hoto, su yanka, su ajiye, su raba. Ga kamfanin da ba shi da ma'aikata da yawa wannan sauƙi ne, amma kuɗin da dala ake biya, kuma duk wanda ya ga yadda naira ta yi tun 2023 zai yi lissafi sau biyu. Thumbor da imgproxy kyauta ne, sai dai suna son wanda zai kula da su, ya riƙa sa masu gyaran tsaro. Mai shafin WordPress kuwa ya riga ya samu rabin aikin, don manhajar na yanka girma daban-daban da kanta, matuƙar fasalin da aka ɗora mata yana amfani da su.

Ko don riba ma ya kamata a damu. Tun 2021 Google ke sa saurin buɗewar shafi cikin abubuwan da yake dubawa wajen jera sakamakon bincike, kuma ma'auninsa shi ne babban abin da ke fuskar shafi, wanda galibi hoto ne, ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Duk da haka har gobe ana cin karo da shafukan makarantu, hukumomi da ƙananan jaridu da ke ɗora hoton taro yadda ya fito daga kyamara, megabait 5 ko 6, a matse shi da ido kawai a cikin ɗan akwati. Wanda ya karɓi kwangilar ya gwada a kwamfutar ofis mai intanet na wata-wata, ya ga ya buɗe, an biya shi. Kuɗin sakacin kuwa daga aljihun ɗalibin da ya zo duba sakamakon jarrabawa yake fita. Duk hukuma ko kamfanin da zai karɓi sabon shafi, kafin a sa hannu a takardar biya, a buɗe shi a waya mai araha da datar da aka saya da kati, a duba megabait nawa ya ci. In shafin farko ya haura 2, a mayar wa mai kwangila ya gyara.